Inna Kubura da Kwamfutar Marigayi Malam Badaru

Gyara zama, jawo tabarmar nan kusa, in ba ka labarin Inna Kubura mai ƙuli ta Tudun Wada a Daura. In ka taɓa bi ta lungunsu da hantsi ka ji ƙamshin gyaɗa ya riƙe maka riga, to daga gidanta yake fitowa. 'Yar garin Babban Mutum ce, can wajen Baure, aure ya kawo ta birni. Ba ta zo da kaya masu yawa ba, amma ta zo da dokoki biyu da ta gada wurin uwarta, kuma har ta tsufa ba ta sassauta ko ɗaya ba.

Ta farko ita ce dokar magariba. Da rana ta yi ja, komai na gidan Inna Kubura sai ya kwanta. Kaji su shiga akurki, a rufe randa, a kife turmi, a kashe rediyo ko da mai labarai yana tsakiyar magana. In ka tambaye ta dalili, sai ta ce haka ta taso ta gani, kuma waɗanda suka yi hakan ba su mutu da wuri ba.

Ta biyu ita ce kunyar ɗan fari. Mata da yawa yanzu sun rage ta, wasu ma har hoto suke yi da ɗan farinsu suna dafa masa kafaɗa. Ban da Inna Kubura. Ɗanta na fari, Zakiyyu, yanzu magidanci ne da furfura a gemu, yana da shagon gyaran kwamfuta da waya kusa da tasha, amma bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in abin ya yi tsanani ta ce "mai shagon nan". In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ina kwana?" sai ta kalli kaskon suya ta ce, "An kwana lafiya." In tana da saƙo, kaza take faɗa wa, ko bango, shi kuma ya tsinta. Shi ma tun yana ƙarami ya koyi mayar da amsa ta bangon. Kada ka ce ba ta son sa. Ƙulin da ya fi soyuwa, na ƙasan kasko, gidansa ake kai wa, amma ko Siddiƙa matarsa ba ta isa ta ce ta san daga ina yake fitowa ba.

Mijinta, Malam Badaru, akawu ne mai buga takardu har ya yi ritaya. Da zamanin tafireta ya wuce, Zakiyyu ya kawo masa kwamfuta irin wadda ake naɗewa a ɗauka, ya koya masa buga katin biki da takardun neman aiki, mutanen unguwa suna zuwa zaure yana yi musu. Ya kuma nuna masa yadda ake ɗaukar murya. Wata safiya Malam ya kunna ɗaukar a ɓoye, ya ja Inna Kubura da hira a kan koko. Daga nan ya samu abin tsokana. Duk sanda ta hana shi goro sai ya ce zai kunna wa jama'a hirar, ita kuwa ta ce in ya kuskura sai dai ya nemi mai yi masa tuwo. Shi da kansa ya nuna mata inda ya ajiye abin, wani ɗan hoto a kusurwar allon, ya ce a taɓa shi sau biyu da sauri.

Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba abin da ya bari, Inna Kubura ta ce wa bango, "Wannan abin bugun takardar a bar shi a ɗaki, kada ƙura ta ci shi a zaure." Ba wanda ya yi musu. Ta ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar atamfa, ta ɗora ta a kan kwalla. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta saki labule, ta buɗe ta, ta taɓa ɗan hoton nan, ta rage sauti. Sai ka ji muryar Malam yana ƙorafin sukari, ita kuma tana nan zaune tana ba shi amsa sabuwa kowace rana. Kafin hirar ta kai ƙarshe takan rufe, domin akwai abin da ba ta son ko ƙadangare ya ji. A duk duniya ba inda muryar Malam Badaru ta rage sai cikin wannan kwamfuta, kuma ba mai rai da ya san da zamanta sai Inna Kubura.

To ana nan, wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Zakiyyu ya shigo gaisuwa ya hango kwamfutar an fito da ita ana share ɗaki. Mai gyara ba ya ganin na'ura ya wuce. Ya buɗe ta, ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya ga tun rasuwar mahaifinsa ba a sabunta manhajar da ke tafiyar da ita ba. Abin da masu gyara ke kira afdet ke nan: kwamfuta ta sauko da sababbin gyare-gyare, ta zauna ta ɗinka su a jikinta, kuma in ta fara ba a katse ta. Ya jira ta gama saukowa, ta shiga ɗinkin, ya jona mata caja a batirin sola. Da zai tafi ya dubi bango ya ce, "Da za a bar ta a kunne har ta gama, da ya yi kyau."

Inna Kubura ta watsa wa kaji tsaki ta ce musu, "Ku ci da wuri. Gidan nan ba a barin abu a farke da magariba."

Shi ya ɗauka da kajin take. Ita kuma ta ɗauka ta ba shi amsa.

Rana ta yi ja, kwamfuta ba ta gama ba. Wasu ɗigo-ɗigo farare suna ta zagaye a tsakiyar allo, a ƙarƙashinsu rubutun Turanci da yake cewa kada a kashe. Inna Kubura ba ta karanta boko, kuma ko da tana karantawa, ba na jin za ta karɓi umarni daga abin da ita ta ɗinka wa riga. Ta ɗora ɗan yatsa a kan maɓalli ta danne har allon ya yi baƙi, ta sa mata rigarta, ta yi alwala.

Da asuba ta buɗe. Ɗigon nan suka fito suka yi ta zagaye, allon ya mutu, ya sake haske, ɗigon suka dawo. Ɗan hoton kusurwa bai fito ba. Ta zauna har gari ya waye, har masu sayen man gyaɗa suka fara sallama, Malam bai yi magana ba. Ranar ƙulinta ya ƙone, abin da mutanen lungu ba su taɓa gani ba.

Ta yi abin da ta sani. Ta shanya ta a rana kamar yadda ake yi wa batirin tocila. Ta ɗan mammare ta a gefe, don haka Malam yake yi wa rediyo. Ta yi mata turare. Kullum ta kunna ta da safe, ta bar ta tana zagaye wuni guda, magariba na yi ta danne ta. Da ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta aika a kira mata Ɗantsoho.

Ɗantsoho ƙanin Malam Badaru ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, kuma ka san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta. Su biyun sun tsufa amma bakinsu bai tsufa ba. Ya shigo yana jan babur, ya jingine shi ya ce, "Amaryata, an ce kina nemana. Kin yanke shawarar ne a ɗaura?"

"Je ka wanke wuyanka tukuna, kana warin kara. Abin yayanka ne ya lalace."

Ya ɗauki kwamfutar ya jinjina nauyinta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya kara kunne ya saurari hucinta. "Kumburi ne," in ji shi. "Ta ci abin da ya fi cikinta. Da saniya ce da na ce a jiƙa kanwa."

"To tunda ba saniya ba ce, ka je ka ce wa mai shagon nan ya zo ya kwance abin da ya ƙulla."

Da la'asar sai ga Zakiyyu da 'yar jakarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, Inna Kubura ta juya baya tana murza tunkuza a wajen murhu, Ɗantsoho ya jawo kujera ya zauna a tsakaninsu kamar yadda yake zama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tazarar da ke tsakanin uwa da ɗan ba ta fi tsawon tabarya biyu ba, kowa yana jin numfashin kowa, amma sai magana ta bi ta kan dillali.

Zakiyyu ya kunna ya ga zagayen, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Baba, a tambaya mini, an kashe ta ne tana cikin aiki?"

Ɗantsoho ya juya. "Ya ce ke kika kashe ta."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Kai dai bari, na san yadda ake ciniki."

Inna Kubura ta ce, "Ka faɗa masa ni ban kashe kowa ba. Kwantar da ita na yi."

"Ta ce barci ta sa ta."

"Sau ɗaya ne, ko an maimaita?"

"Ka tambaye shi magariba sau nawa take yi a shagonsu. Mu nan kullum muke yi."

Zakiyyu ya sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsa. Ya yi wa Ɗantsoho bayani da ƙarfi yadda zai kai murhu: kwamfuta ta kwance tsohon ɗinki, ba ta gama sabon ba aka katse ta. Yanzu in aka kunna tana ƙoƙarin komawa yadda take a da, kuma tsohuwa ce, ba ta da sauri. Wataƙila da an bar ta ta kwana da ta warware da kanta, amma kullum kafin ta kai sai a sake danne ta.

Ɗantsoho ya ce, "Wato dai kumburin da na faɗa."

"Ba shi ba ne, Baba."

"Amarya, ya ce na yi gaskiya."

Ya fara gwaje-gwajensa. Ya kashe ta ya kunna har wani shuɗin allo ya fito, wurin da kwamfuta ke duba lafiyar kanta. Ya ce mata ta gyara tashinta, ta yi tunani mai tsawo ta ce ba za ta iya ba. Ya ce ta cire sabuntawar da ta maƙale mata, ta ƙi. Ya nemi ta koma yadda take kafin Juma'ar nan, ta ce ba ta ajiye komai da za ta koma gare shi ba. Duk wannan Ɗantsoho yana fassarawa yadda ya ga dama: "Ya roƙe ta, ta ƙi. Ya ba ta haƙuri, ta ƙi. Halinki ta ɗauko sak."

Daga ƙarshe Zakiyyu ya share gumi ya ce, "Baba, hanya mai sauƙi ita ce a goge ta tas, a zuba mata sabuwar manhaja. Za ta tashi garau. Sai dai duk abin da ke cikinta ya tafi ke nan. Katunan bikin da marigayi ya buga an riga an yi bukukuwan. A tambaya mini ko akwai wani abin da ake bukata a ciki."

Hannun Inna Kubura ya tsaya a cikin tunkuza. Ka duba tsaka mai wuyar da ta shiga. Ta yaya tsohuwa kamarta za ta buɗe baki, gaban ƙanin miji mai bakin dillali, gaban ɗan fari, ta ce kullum da asuba hira take yi da mijinta? Kafin Lahadi labarin ya kai karar shanu, daga nan ya tsallaka iyaka.

Ɗantsoho ya ce, "Ya ce kina da ajiya a ciki?"

Ta ce, "Me zan ajiye a ciki? Daddawa?"

"Ta ce ba komai. Yanka kawai."

Zakiyyu ya zaro filash daga jaka, ɗan abin nan mai kama da ɗan yatsa da ake zuba manhaja a ciki, ya soka a gefen kwamfutar. Allo ya kawo wasu tambayoyi, yana amsawa yana wucewa. Inna Kubura ta juya ga kaza ta ce, "Gaggawa dai ba ta da kyau." Kazar ba ta isar da saƙo ba. Ta ce wa bango, "Abin marigayi ai a bi shi a hankali." Zakiyyu ya ce wa bangon, "A hankali ake bi," ya ci gaba. Ta kalli Ɗantsoho, ta ga ya ɓare goro yana ba da labarin wani bijimi da ya sayar a Mashi.

Zakiyyu ya ce, "To Baba, in na danna nan shi ke nan. Bismillah."

"Kai."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Ɗantsoho sai da goro ya sarƙe shi. Inna Kubura ta juyo gaba ɗaya, hannunta duk mai, tana kallon ɗanta ido cikin ido. "Ɗauke hannunka. Ubanka yana ciki."

Zakiyyu ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya rasa inda zai sa idonsa, don bai saba da ganin fuskarta ta gaba ba. "Hotonsa ne, Inna?"

"Muryarsa. A kusurwa take, ta hannun hagu, sama." Tana gama faɗa ta koma ta juya baya, ta kama murza tunkuzar da ta riga ta murzu.

Ɗantsoho ya buɗe baki zai yi tsokana, sai kuma ya rufe. Wansa ne fa.

Zakiyyu ya fasa gogewa. Ya canza filash, ya tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta bi ta kan manhajar da ta lalace, ya leƙa cikin ma'ajiyarta. Can ya tarar da katunan biki rututu, da abu guda na murya. Ya kwafe su duka. Amma mai gyara ba ya yarda ya kwafi abu sai ya gwada, kuma a nan ba a rage sauti ba. Yana taɓawa sai muryar Malam Badaru ta cika tsakar gida.

"Kubura, kokon nan yau ma ba sukari."

Sai muryarta: "Likita ya hana."

"Likita a gidan nan yake kwana?"

Ɗantsoho ya cire hula ya riƙe a hannu. Inna Kubura ta ce wa murhu, "Ya isa haka, an ji yana nan." Amma Zakiyyu bai ji murhu ba, ya yi nisa. Hirar ta ci gaba, Malam yana cewa, "Kin ga abin da ɗanki ya kawo mini?"

"Na gani."

"Wane ɗan naki? 'Ya'yanki da yawa."

"Ka san shi."

"Na manta. Tsufa."

Aka ji ƙarar ludayi a kwano, sannan muryar Inna Kubura ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya tabbata ba mai ji: "Zakiyyu mana. Zakiyyuna. Duk cikinsu ba mai hankalinsa. Allah dai ya yi masa albarka."

Sai dariyar Malam, doguwa, har da tari. "To na kama ki."

Inna Kubura ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Zakiyyu ya daɗe yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta, yana cewa hayaƙin murhun nan ya cika shiga ido. Ɗantsoho ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya mayar da hula ya je bakin labule ya ce, "Amarya, wane ne ya fi hankali? Kunnena ya yi nauyi, maimaita."

Takalmi ya fito daga ɗakin ya same shi a ƙafa.

Aikin bai ƙare ba. Zakiyyu ya goge kwamfutar, ya zuba sabuwar manhaja, ta shiga sabuntawa, ɗigon nan suka dawo zagayensu. Rana kuma ta fara ja. Ya dubi sama, ya dubi labule, ya ce a hankali, "Inna, in aka kashe ta yanzu, mun koma gidan jiya."

Labulen ya motsa. Ta fito ta kora kaji akurki, ta rufe randa, ta kife turmi. Ta zo ta tsaya a kan kwamfutar, ta daɗe tana kallon maɓallin nan. Sai ta ɗauko babban kwandon da take rufe ƙuli ta kifa a kanta, hasken yana fitowa ta ramukan saƙa. Ta ce wa kwandon, "An rufe ki. Abin da kika yi a ciki ke ta shafa." Da Ɗantsoho ya miƙa hannu zai leƙa, ta ɗaga muciya, ya mayar da hannunsa aljihu.

Kafin a kira isha'i ta gama. Zakiyyu ya mayar da muryar kusurwar hagu, sama, daidai inda take, ya ajiye filash ɗin da ya kwafe ta a bakin ƙofa ya ce wa bango, "Wannan ma akwai shi a ciki, a adana." Ta ƙulle shi a tsumma ta jefa cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa.

Washegari ya zo gaisuwa ya durƙusa. "Inna, ina kwana?"

Ta kalli kaskon suya ta ce, "An kwana lafiya." Da zai tashi ta ƙara da cewa, "A ci abinci kafin a fita." Kaskon ta faɗa wa, amma ka san kasko ba ya fita.

Har yau ana wannan shari'a a lungun. Ɗantsoho yana cewa da kunnensa ya ji Kubura ta ambaci sunan ɗan farinta a gabansa, saboda haka kunya ta faɗi, ta daina wahalar da kaji. Ita kuwa ta ce bakinta a rufe yake ranar, kowa shaida ne, a je a tambayi kwamfuta. An kai maganar gaban Siddiƙa ta ce ita suruka ce, ba ruwanta. To kai da ka zauna ka ji daga farko, Inna Kubura ta faɗi sunan ko ba ta faɗa ba?